Kirari Cikin Rigar Lissafi: Tarken Hasashen Sakamakon Damben MMA

Gabatarwa

Duk lokacin da kamfanin UFC na Amurka ya shirya wani babban daren gumurzu, tun ana saura kwana biyu ko uku sai jaridun wasanni da gidajen talabijin da wayoyin hannu su cika da maganganun masu faɗin wanda zai doke wani, da yadda zai doke shi, da turmin da abin zai auku. Wannan shi ne abin da ake kira pronostic da Faransanci, kalmar da ba baƙuwa ba ce a Nijar, domin an daɗe ana jin ta a bakin masu cacar sukuwar dawaki. Da Hausa hasashe ke nan, ko kintace. Tun daga 2020, shekarar da Faransa ta halatta wannan wasa a hukumance, irin waɗannan rubuce-rubuce sun yawaita da Faransanci, kuma ta wannan ƙofa ce suke isowa ga matasan Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, cikinsu har da ɗalibanmu na kwaleji da lise.

Tunda rubutu ne da ake karantawa, ya cancanci a tarke shi kamar kowane rubutu, a dubi zubinsa da salonsa da abin da yake sayar wa mai karatu. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, darajar hasashe ba ta cikin sunan da ya ambata a ƙarshe, tana cikin hujjar da ya bi kafin ya kai ga sunan. Inda hujja ta ɓace aka bar suna da lamba kawai, to abin ya tashi daga sharhi ya koma talla.

Wasan da dokokinsa

MMA dambe ne gauraye: an yarda da naushi da shuri da gwiwa da gwiwar hannu, an yarda da kayarwa irin ta kokowa, an kuma yarda a ci gaba da faɗa a ƙasa, a shaƙe abokin karawa ko a murɗe masa gaɓa har ya sallama. A UFC ana yin sa ne cikin keji mai kusurwa takwas. Kowane turmi minti 5 ne. Wasa na yau da kullum turmi 3, wasan kambu kuwa turmi 5. In lokaci ya ƙare ba a yi kisa ba, alƙalai uku ne ke yanke hukunci da maki, turmi bayan turmi. Safar hannun da ake sawa ƙarama ce, nauyinta wajen giram 113, alhali ta ƙwararrun ƴan damben zamani tana ninka haka sau biyu ko fiye.

Abin lura shi ne, wasan da kansa da rushewar hasashe ya fara. A daren farko na UFC, ranar 12 ga Nuwamba 1993 a birnin Denver, an tara mutum takwas ba tare da raba su bisa nauyi ba. Wanda ya cinye gasar shi ne Royce Gracie, ɗan Birazil, ɗaya daga cikin marasa jikin taron, ya gama da mutum uku a dare guda da dabarun riƙo da shaƙa na jiu-jitsu. Masu cewa alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba sun koma gida da darasi.

Zubi da tsarin hasashe

Wanda ya karanta hasashe goma zai ga kusan duk zubinsu ɗaya ne, hawa huɗu. Hawa na farko tarihi: sau nawa wane ya ci, sau nawa aka ci shi, da su wa ya kara. Na biyu awo: shekaru, tsayi, tsawon hannu. Na uku salo: wannan mai naushi ne da ke son a tsaya a tsaye, wancan ɗan kokowa ne da ke son a sauka ƙasa. Na huɗu hukunci: wane ne zai ci, ta kisa ko ta sallamawa ko ta maki, a turmi na kaza.

Hawa na uku shi ne zuciyar rubutun, kuma nan ne ake gane marubucin da ya san abin da yake faɗi. Shi ne ke nuna wa mai kallo inda zai sa ido: wa ke riƙe tsakiyar keji, wa ake turawa jikin waya, wa numfashinsa ke fara yankewa a turmi na uku. Sai dai yawancin masu karatu tsallake shi suke yi su faɗa kan hawa na huɗu, marubutan kuma sun lura da haka, sai hawa na uku ya yi ta ƙanƙancewa, na huɗu yana kumbura.

Hawa na farko kuwa, duk da lambobin da ke cikinsa, shi ne mafi rauni. Babban ɗan wasa ba ya wuce karawa biyu ko uku a shekara, ke nan abin da ake kira tarihinsa ƴan dararen da za a iya ƙirgawa ne, kowane da abokin karawa daban, a shekaru daban. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa tana buga wasa talatin da wani abu a kaka guda, ana iya auna ta. Ɗan dambe ba haka yake ba. Bugu da ƙari, lissafin "wane ya kayar da wane, wanen kuma ya kayar da wancan, saboda haka na farkon zai kayar da na ukun" lissafi ne da duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa ya san ba ya tsayawa. Akwai kuma abubuwan da marubuci ba ya gani: raunin da aka ɓoye a wurin horo, da wahalar rage ƙiba, inda ɗan wasa ke matse ruwan jikinsa don ya hau ma'auni ana gobe karawa.

Daren Salt Lake City

Babu misalin da ya fi dacewa a auna hasashe da shi kamar babbar karawar UFC 278, ranar 20 ga Agusta 2022, a Salt Lake City ta jihar Utah. Mai riƙe da kambun ajin kilo 77 a lokacin shi ne Kamaru Usman, haifaffen Auchi ta Nijeriya wanda ya tashi a Amurka. Ya karɓi kambun a watan Maris 2019, ya kare shi sau 5, ya ci wasa 15 a jere a UFC, saura guda ya kamo Anderson Silva mai 16. Abokin karawarsa, Leon Edwards, haifaffen Jamaika da ya girma a Birmingham ta Ingila, Usman ya riga ya taɓa cin sa da maki a Disamba 2015. Gidajen caca da mafi yawan masu hasashe Usman suka ba, da rinjaye mai yawa, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce: zai matse Edwards jikin waya, ya kayar da shi, ya gajiyar da shi.

A turmin farko Edwards ya kai Usman ƙasa, abin da ba a taɓa yi masa ba a UFC, ya ci turmin. Daga nan sai wasa ya bi hasashe sawu da ƙafa. Turmi na biyu da na uku da na huɗu duk Usman ya cinye su ta hanyar da aka faɗa, alƙalan uku kowane ya rubuta masa 39 da 37. A turmi na biyar, ana saura daƙiƙa 56 a tashi, Edwards ya yi kamar zai kai naushi da hannun hagu, Usman ya kautar da kai gefe, sai kan ya ci karo da ƙafar hagun da ke biye da hannun. Nan take ya faɗi a sume.

To, masu hasashe sun yi daidai ko sun yi kuskure? In sunan da suka ambata za a duba, sun fāɗi. In kuwa hujjarsu za a duba, sun bayyana mafi yawan wasan tun kafin a yi shi. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, suna kuma cewa ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, kuma ba su ɗauki ɗayan maganar ta ƙaryata ɗayar ba. Aibin yawancin hasashen wannan dare ba zaɓen Usman ba ne. Aibin shi ne rubuta zaɓen kamar hukuncin kotu, ba tare da an faɗa wa mai karatu ta wace kafa abin zai iya warwarewa ba, alhali an san Edwards gwanin shuri ne kuma bai sake shan kaye ba cikin wasanni goma tun 2015.

Bayan wasan sai aka shiga kuskure na biyu, wato fassara abin da ya auku da kalma guda: sa'a. Amma da aka sake haɗa su a Landan a watan Maris 2023, an yi turmi biyar cur, alƙalai biyu suka ba Edwards, na ukun ya ce kunnen doki. Ashe shurin Salt Lake City ya tono wata gaskiya ce da masu hasashe ba su auna da kyau ba. Sai dai wannan ma ba doka ba ce. A Afrilu 2007 Matt Serra ya girgiza duniyar wasan da ya doke Georges St-Pierre a turmin farko, amma a Afrilu 2008 St-Pierre ya rama ba tare da wata wahala ba. Haka Julianna Peña ta shaƙe Amanda Nunes a Disamba 2021, Nunes ta karɓe kambunta a Yuli 2022 bayan ta mamaye wasan daga farko har ƙarshe. Ke nan ba-zata iri biyu ce: wata tana nuna an yi kuskuren awo, wata kuwa ita ce kawai ranar nan guda da lissafi ya riga ya bar wa ƙofa. In an ce mutum yana da kashi 80 cikin 100 na nasara, an ce ke nan cikin karawa biyar zai sha kaye sau ɗaya. Marubucin kirki shi ne mai ƙoƙarin bambance waɗannan biyu, ba mai share abin da ya rubuta jiya ba.

Ɗan wasa ba hoto ba ne

Wani raunin hasashe shi ne ɗaukar ɗan wasa kamar hoton da aka manna a bango, yadda aka gan shi bara haka yake bana. Francis Ngannou ya isa misali. Ɗan garin Batié ne a ƙasar Kamaru, ya yi aikin haƙar yashi yana yaro, ya bi hanyar ƴan ci-rani ta Nijeriya da Nijar da Aljeriya da Maroko har ya isa Paris a 2013. A Janairu 2018, bayan ya sumar da Alistair Overeem da naushi guda wata ɗaya kafin nan, aka yi ta yi masa hasashen cin kambun masu nauyi daga hannun Stipe Miocic. Miocic ya yi ta kai shi ƙasa har ƙarfinsa ya ƙare, ya cinye turmi biyar ɗin duka. Daga nan aka yi wa Ngannou lamba: mai naushi ne, bai iya kokowa ba, ba shi da numfashi.

A Maris 2021 ya sake haɗuwa da Miocic, ya hana a kayar da shi, ya yi haƙuri, ya gama da shi a turmi na biyu. A Janairu 2022 kuma ya kara da Ciryl Gane ɗan Faransa, wanda suka taɓa horo a gida ɗaya a Paris. Abin da aka fi faɗi shi ne, ko dai Ngannou ya yi kisa da wuri, ko Gane ya cinye shi da maki in wasa ya yi tsawo. Wasa ya yi tsawo, Gane ya fi shi a turmi biyun farko, sai Ngannou, da raunin gwiwa a jikinsa, ya koma kokowa, ya yi ta kai Gane ƙasa a sauran turmin, ya ci da maki. Makamin da aka ce ba shi da shi, da shi ya ci. Masu hasashe sun karanta littafin 2018 ne a 2022, sun manta mutum na komawa makaranta.

Salo: tsakanin "zai" da "yâ"

Malaman harshe za su fi kowa gane matsalar salon waɗannan rubuce-rubuce. Nahawun Hausa ya tanadi lokaci mai zuwa iri biyu. Akwai na ɗaya, mai tabbaci: zai ci. Akwai na biyu, mai barin ƙofa a buɗe: yâ ci, wato ana sa ran haka in abubuwa sun tafi yadda ake zato. Faransanci ma yana da hanyoyinsa na sassauta magana. Amma hasashen kasuwa lokaci guda ya sani, na tabbaci, domin tabbaci ne ke jan mai sauraro. Wanda ya ce "in ya tsare tazara, yâ ci da maki; in aka matse shi jikin waya, to da wuya" ya fi faɗin gaskiya, amma wanda ya ce "zai kashe shi a turmi na biyu" shi ake yaɗawa.

Su kansu ƴan wasan sun gane cewa hasashe jari ne. Conor McGregor ɗan Ailan ya yi suna da faɗin yadda zai gama da abokan karawarsa. A Disamba 2015 ya ce zai doke José Aldo a turmin farko, mutumin da ya shekara goma ba a ci shi ba, ya kuwa sumar da shi cikin daƙiƙa 13. Wannan ita ake ta maimaitawa. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, bayan wata uku, a Maris 2016, ya sake yin irin wannan alkawari kan Nate Diaz, aka shaƙe shi a turmi na biyu har ya sallama. Haka sana'ar ɗan duba take tafiya: wadda ta ci a yi ta shela, wadda ta faɗi a binne ta.

A nan ne kwatanci da al'adar gida ke da amfani. Tun daga 1975, lokacin da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokowa na farko, ba a taɓa shiga fili ba tare da an riga an faɗi wanda zai yi kaye ba. Ɗan kokowa na faɗi a kirarinsa, makaɗi na faɗi a waƙarsa, kamar yadda Sagalo ya yi wa ƴan kokowar Nijar, Ɗan Anace kuma ya yi wa Shago a fagen dambe. Amma kirari ba ya yaudarar kowa. Kowa ya san ɓangaren da makaɗi yake, kuma aikinsa zuga ne: ya tsima nasa, ya karya zuciyar na wancan. Ba ya da'awar ya hango sakamako, yana ƙoƙarin jawo shi ne. Abin da McGregor ke yi kirari ne, kuma a matsayin kirari ba shi da laifi. Laifin yana ga marubucin da ke yin kirari amma ya sa masa rigar lissafi, ya jera lambobi don a ɗauka ba ya da ɓangare, alhali ƙasa ko ƙauna ko kuɗi sun riga sun zaɓa masa.

Wa ke biyan mai hasashe?

Tambayar da ya kamata a yi wa kowane rubutu ita ce, wa ke cin moriyarsa. A watan Mayu 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni, a 2021 kuma UFC ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin caca na DraftKings. Tun daga nan farashin caca ya zama ɓangaren shirin da ake nunawa, hasashe da yawa kuma suna ƙarewa ne da kiran mai karatu ya zuba kuɗi. Lissafin gidan caca kuwa a fili yake. In ƴan wasa biyu ƙarfinsu ɗaya, gidan kan yi alkawarin biyan sefa 1900, alal misali, ga wanda ya zuba 1000 ya ci. Mutum biyu sun zuba 2000, ɗaya a kowane ɓangare, an biya 1900, gida ya riƙe 100 ko wa ya faɗi. Mai hasashe ɗaya tak da ba ya kuskure shi ne mai gidan.

Haɗarin bai tsaya ga aljihun ɗan kallo ba. A Nuwamba 2022, a wata karawa a Las Vegas, kuɗin caca suka karkata kwatsam ɓangare guda ana saura sa'o'i a fara, ɗan wasan da aka yi wa zaton faɗuwa kuma ya faɗi a turmin farko da raunin ƙafar da bai bayyana ba. Hukumar wasanni ta jihar Nevada ta dakatar da shi da mai horar da shi, lardin Ontario na Kanada kuma ya tsayar da caca kan wasannin UFC daga Disamba 2022 zuwa Janairu 2023. Darasin a bayyane yake: wanda ya san sirrin ɗakin horo ba ya rubuta shi a jarida, wanda ke karanta jarida kuwa shi ne na ƙarshen ji. Matsayin addini da al'ada kan caca sananne ne ga masu karatun wannan mujalla. Abin da tarke zai ƙara shi ne, ko ta fuskar lissafi kaɗai, ciniki ne na asara.

Kammalawa

Duk da waɗannan aibobi, ba daidai ba ne a yi watsi da hasashe ɗungurungum. In an rubuta shi da gaskiya, ƙaramar maƙalar jayayya ce cikakkiya: da'awa, hujja, hujjar abokin hamayya, sannan hukunci, ga kuma wata falala da sauran maƙalu ba su da ita, wato washegari fili zai yi mata gyara a gaban kowa. Tambayoyi uku sun isa a tace mai kyau daga maras kyau. Shin marubucin ya faɗi dalilinsa, ko suna kawai ya jefo? Shin ya faɗi abin da in ya auku maganarsa za ta rushe? Shin yana dawowa bayan wasa ya auna abin da ya faɗa, ko sai ya wuce zuwa na gaba?

Malamin da ɗalibansa suka zo masa da zancen Usman ko Ngannou yana da abin aiki a hannu. Yana iya sa su rubuta hasashensu da Hausa ko da Faransanci kafin wasa, da sharaɗin kowace da'awa ta zo da hujjarta, a kuma yi amfani da "yâ" inda "zai" ta yi nauyi, sannan a dawo a karanta bayan wasa. Ƙungiyoyin raya al'adu ma suna iya yin haka da gasar takobi, inda jihohi takwas ke kawo ƴan kokowa goma-goma, ga kalmomin kamu da kaye jibge a bakin tsofaffin ƴan wasa waɗanda har yanzu ba a rubuta yawancinsu ba. Ɗalibin da ya koyi cewa ana iya yin hujja mai kyau a fāɗi, ana kuma iya yin shaci-faɗi a dace, ya koyi abin da zai amfane shi nesa da keji da filin kokowa, a duk inda wani zai tsaya gabansa ya ce ya san abin da gobe za ta haifa.